Zafin da Magaji ya ɓoye

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ke saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta. Na rubuta wannan ne domin iyaye masu samari a gida, musamman waɗanda suke ganin sun san duniya kamar yadda nake ganin na santa. Jinyar ɗana ce. Wata huɗu muka yi a cikinta, rabin wahalar kuwa ni na jawo ta da sanina.

Ba zan rubuta sunan yaron ba, don ɗan farina ne, kuma sunan mahaifina yake ɗauke da shi. A gida Magaji ake ce masa. Ni ko Magajin ban cika faɗa ba. In ina nemansa sai in ce, "Ina wannan?" kowa ya san wanda nake nufi.

Na yi aure a makare, don ƙuruciyata a hanya ta ƙare. Na yi fataucin goro tsakanin Kumasi da Sakkwato, na yi dako a bakin teku a Kotonu, na tafi Makka a ƙasa, ban dawo ba sai bayan shekara shida. A hanya na tsinci Yarbanci da Tonancin Kumasi da Larabcin Sudan da Faransancin bakin tasha, ƙari a kan Hausa da Dendanci da Fulatancin da na tashi da su a nan Gaya. Duk harsunan nan babu wanda na taɓa zama na yi hira da ɗana da shi. Haka muka tarar ana yi. Uba ba ya sakin fuska ga ɗan fari, ɗan ma ba ya ɗaga ido ya dube shi. In akwai magana, ƙanwata Hajo ce ke ɗauka ta kai, ita ke kawo amsa. Mijinta ya rasu a Bengu ta dawo gidana da zama, ita ta goyi Magaji, ita kaɗai ce kuma a gidan ba ta tsoron kowa.

Shekarar da abin ya faru ana cikin kafa ginshiƙan gada a kan Kwara, motoci kuwa har lokacin jirgin fito ne ke ƙetarewa da su zuwa Malanbil. Magaji yana da shekara ashirin, yana aparanti, wato yaron mota, a wurin wani direba mai suna Bawa, wanda ke ɗaukar gyaɗa daga nan zuwa Paraku inda jirgin ƙasa ya tsaya. Shekara uku yana binsa. Bawa ya riga ya yi masa alkawari in damina ta wuce zai kai shi Yamai ya yi permi, wato lasisin tuƙi. Hajo ta ce yaron ba shi da wata magana sai ta permin nan, ko a barci.

Tsakiyar bazara ne, lokacin da mutum ke wanka ya fito yana gumi. Wata safiya Hajo ta kawo mini kunu, ba ta tafi ba.

"Yaya, ka duba huskar yaron ga kuwa?"

"Ta ɓace ne?"

"Kai dai duba. Idon da ya ga Makka ba ya kasa ganin tsakar gida."

Da ya zo ajiye mini buta na saci kallonsa ta gefen ido. A muƙamuƙinsa na hagu akwai kumburi uku, kowane kamar ƙwallon magarya, sun shige can ƙarƙashin fata. Ba irin ƙananan ƙurajen samari ba ne, masu farin kai, waɗanda ke fitowa yau su bushe jibi. Waɗannan ba su da kai ko kaɗan. Na ce wa Hajo maruru ne, a bar shi zai nuna ya fashe.

Mako ya cika bai nuna ba. Magaji ya tafi Paraku ya dawo, ukun sun zama bakwai, sun haura kumatu sun gangara ƙeya.

Daga nan aka buɗe ƙofar shawara, kuma a Gaya ba ta da marufi. Mahaifiyarsa ta ce fata ce ta bushe, ta sa ƙannensa su riƙa kai masa man kaɗe safe da yamma. Wata Bafulatana da ke kawo mana nono ta ce man shanu ya fi, ta kawo kyauta, aka haɗa duka biyun. Wani tsoho a masallaci ya rantse cewa yaron ya ci kifi ne ya bi da nono, Hajo ta hana shi kifi. Wanda bai san garinmu ba ba zai gane nauyin wannan hukunci ba. A Gaya in ka cire kifi daga miya, ruwan zafi ne ya rage da gishiri.

A mako na uku aka ce jini ne ya yi masa yawa, aka kira wanzami. Ya kafa masa ƙaho a ƙeya, ya tsaga biyu daga cikin manyan, ya matse da ƙarfinsa. Ɗan jini ne ya fito da ɗan ruwa. Ya karɓi zakaransa ya tafi, ya ce jibi za a ga aiki. An gani kuwa. Wuraren da ya matse suka ninka, suka yi baƙi, suka haɗe da na kusa da su. Goshi ya ɗauka, har gindin kunne. Fuskar ta yi kauri, tana ƙyalli saboda man da ake lafta mata.

Kaurin nan da ƙyallin nan su suka tayar mini da wani abu da na daɗe da binnewa.

Ina saurayi, muna dawowa da goro ta arewacin Kumasi, abokin tafiyata Audu ya fara irin wannan kumburi a fuska da kunne. Muka ratse wani ƙauye inda wata Baturiya ke duba marasa lafiya, ni na yi musu tafinta. Ta ɗauki allura ta soka a kan kumburin ta ce in tambaye shi ko da zafi. Ya ce bai ji komai ba, yana ma dariya. Ta juyo ta gaya mini maganar da ban taɓa mantawa ba: wanda ya ji zafi ya tafi gida, wanda bai ji ba ya zauna. Audu ya zauna. Kuturta ce, wadda mutanenmu ba su son kiran sunanta, sai su ce babbar cuta. Da na biyo ta wurin bayan shekara bakwai na miƙa masa hannu, bai sami yatsun da zai kama nawa da su ba.

Saboda haka wata ranar Juma'a bayan an sauko na kira Magaji zaure. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, na ce ya matso. Rabon da hannuna ya taɓa fuskarsa tun yana goye. Na ɗora babban yatsana a kan kumburin da ya fi girma, na danna sosai.

"Da zafi?"

"Babu, Baba."

Na ƙara dannawa, har farcena ya shata a fatar.

"Nan fa?"

"Babu komai, Baba."

Ko ƙifta ido bai yi ba. Na ce ya tashi ya tafi. Na zauna a zauren har aka kira la'asar, ban san me nake kallo ba.

Ban gaya wa kowa ba. Abin da na yi, kuma shi ne abin da na fi jin kunyarsa, kasuwa na tafi. Na sayi sabon kwano mai marfi a wurin wata Bayarabiya, fari mai shuɗin fure, na haɗa da sabon moɗa. A gidanmu Magaji da ƙannensa uku akushi ɗaya suke ci tun suna yara. Na miƙa wa Hajo kwanon na ce yaro ya girma, ya kamata a riƙa zuba masa nasa daban.

Ta juya kwanon, ta duba gindinsa, ta dube ni.

"Jiya bai girma ba sai yau?"

"Ki yi abin da na ce."

"Ina yi. Amma kwanon ga ya hi ka baki, Yaya. Kana shiru, shi yana magana."

Gaskiyarta. Kwana huɗu kwanon ya zaga gari. Matan da ke wanki a bakin Kwara sun ji, masunta sun ji, ya ƙetare ruwa har Malanbil ba tare da ya biya fito ba. Mai nono ta daina shigowa, sai ta tsaya a ƙofa.

A mako na biyar Bawa ya zo. Mutum ne mai ladabi, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare bai fara ba. Sai ya ce:

"Baba, ka san hanya, ka fi ni saninta. A mota kwano ɗaya ne, salka ɗaya ce. Ni wallahi har jiya da shi na ci. Amma masu lodi sun ce ba su sa hannu inda ya sa. Magana ta kai kunnen mai motar, shi kuma yana da ɗan ɗan'uwa da ya daɗe yana son wurin."

Na ce, "Wa ya ce musu yana da wani abu?"

Ya sunkuyar da kai. "An ce kai da kanka ka raba masa kwano."



Ya ce zai iya riƙe masa wurin tafiya biyu, wato kamar mako uku. Bayan nan ba shi da iko. Ya ƙara da cewa ko permin ma ba a ba mutum sai lokotoro, wato likita, ya duba shi ya sa hannu.

Magaji ya zauna a gida. Ya sami wani tsohon rawanina ya naɗe fuska, ido kawai ake gani, ƙannensa suna ce masa Buzu ya zo sayar da gishiri. Hajo ta ce in an kai masa kwanon, yadda aka kai haka ake ɗaukowa. Ni kuwa na ƙi maganar gidan likita, don na san abin da ke can. Duk wanda aka samu da babbar cuta ana rubuta sunansa a babban littafi, kowane mako ya fito gindin bishiya ya karɓi ƙwaya a gaban jama'a. Na gwammace zargi da tabbas. Mako guda cur na ɓata a kan wannan, daga cikin ukun da Bawa ya ba mu.

Hajo ce ta karya ni. Ta same ni ina alwala ta ce, "Ko ka kai shi, ko ni in kai shi in yi musu Faransancin da ban iya ba. Ka zaɓi wadda kunyarta ta hi sauƙi."

Muka tafi mu uku.

A nan zan yi ɗan kukana, don wanda zai je ya tafi da shiri. Mun isa rana ba ta fito ba, muka tarar da mutum ya fi na kasuwar ƙauye. Ga mutanen Bana, ga na Bengu, ga waɗanda suka tsallako daga ƙasar Ingilishi, ta makwabtanmu na gabas. Ana raba ƴan guntayen kwali masu lamba, amma wanda ya san mai gadi lambarsa gudu take yi. Na tsaya layin likita a Kumasi, na tsaya a Sudan. A Kumasi akwai benci, a Sudan akwai randa. A nan bishiya ɗaya ce, inuwarta kuma ta masu ƙarfin kafaɗa ce. Duk da haka ba zan manta wata mata mai sayar da ƙosai ba, wadda ta ga yaro a naɗe, ta san abin da ake faɗa a gari, ta ba shi ruwa a moɗanta na sha.

Sai bayan azahar muka ga majo, wato babban ma'aikacin wurin, wani Bazabarme mai suna Sumaila. Ya kwance rawanin, ya duba, ya ce wannan ba nasa ba ne, sai lokotoro, shi kuma yana rangadi sai ranar Alhamis. Muka dawo Alhamis aka ce motarsa ta lalace a hanya. Muka dawo Asabar. A ranar nan Bawa ya riga ya tafi tafiyarsa ta biyu.

Lokotoron baƙin mutum ne daga wajen Senegal, dogo, mai tabarau, ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya. Kafin majo ya buɗe baki na gabatar da kaina da Faransanci, na ce ni zan yi tafinta. Ya yi murmushi ya ce to. Aka bar Hajo a waje.

Ya zaunar da Magaji, ya juya fuskarsa wajen taga, ya danna kumburin muƙamuƙi. Ya ce in tambaye shi.

"Yana tambaya, da zafi?"

"Babu, Baba."

Ya ɗauko allura ya soka a gefen wani. Na ga ɗigon jini ya fito.

"Yanzu fa?"

"Babu."

Murmushin lokotoro ya tafi. Ya cire tabarau ya goge, ya ce wa majo ya kawo masa reza da gilashi, za a ɗebi ruwan kunne a duba. Sannan ya miƙa hannu wajen babban littafin nan da ke gefen tebur. Ni dai Audu nake gani.

Majo bai motsa ba. Ƙasa yake kallo. Na bi idonsa, sai na ga ƙafafun Magaji. Yatsun sun dunƙule sun kama siminti kamar za su huda shi, gumi na bin ƙwaurinsa.

Majo ya juyo ya tambaye ni da Zabarmanci, "Baba, yaron nan mene ne naka?"

Na ce ɗana ne.

"Na nawa?"

Ba tambayar da ake yi wa mutum a gaban ɗansa ba ce. Na ce na fari.

Ya dafe baki da hannu. Ya yi wa lokotoro wata gajeruwar magana, sannan ya ce mini, "Baba, don girman Allah je ka sha iska."

Na ce ni ne tafinta.

"Na sani. Faransancinka ya fi nawa. Je ka sha iska."

Na fita raina a ɓace. Mutumin da ya yi wa Turawa tafinta tun majo bai san hannun damansa ba, yau an kore shi a gaban ɗansa. Na zauna a ƙarƙashin taga kusa da Hajo, tana tambayata ina share ta.

Sai muka ji daga ciki: "Wayyo Allah! Wayyo Gwaggo, zai kashe ni!"

Hajo ta zabura ta ɗaure zane, za ta shiga ta ci wa lokotoro mutunci. Na riƙe mata hannu. Ina dariya, hawaye na zuba, ina ta faɗin alhamdu lillahi. Masu layi suka matsa daga kusa da ni. Wani ya ce tsohon ne ashe aka kawo.

Na yi yawo, na kuma lura da abu guda. Ka tambayi Bahaushe yana gargara ya ce maka da sauƙi. Bazabarme ya ce bani samai, lafiya kawai. Bafulatani ya ce jam tan. Nasara ne kaɗai na gani ƙaya ta soke shi ya tara jama'a. Duk wannan na sani, na sha ba da labarinsa a zaure ana dariya. Amma ban taɓa kawowa a raina cewa saurayi ɗan fari, ubansa ya taɓa fuskarsa karo na farko a shekara ashirin, ba zai buɗe baki ya ce wayyo ba ko da wuƙa aka sa masa. Daga baya Hajo ta tambaye shi, ya ce ranar Juma'ar nan da ya fita zaure bayan gida ya zaga ya ciji rigarsa. Ya ce wata biyu ke nan ba ya iya kwanciya ta gefen hagu.

Lokotoro bai bar binciken ba. Ya rufe masa ido ya bi jikinsa da auduga, duk inda ya taɓa yaron ya nuna. Ya ɗebi ruwan kunnen ma, washegari aka ce babu komai. Da aka mai da ni ciki ya buɗe hannu ya ce da Faransanci buton ne kawai. Ni kuwa na sayar da buton a Kotonu, maɓallin riga ne, har na duba wuyan rigar yaron. Majo ya ce haka Faransawa ke kiran ƙurji. Sunansa na littafi kuwa akne, wannan kuma irin mai zurfin ne.

Ga abin da lokotoro ya bayyana mana, yadda na fahimta. Fatar mutum cike take da ƙananan ƙofofi, kowace tana fitar da ɗan maiƙonta. In yaro ya balaga maiƙon yakan yi yawa, wasu ya fi na wasu, yakan kuma bi jini. In ƙofa ta toshe, maiƙon ya taru a ciki ya ruɓe. Wanda ya toshe a sama shi ne mai farin kai. Wanda ya toshe can ƙasa ba shi da hanyar fita, sai ya kumbura a ciki, in an matse shi kuwa ciki yake fashewa ya kama na kusa. Ba a ɗaukarsa a kwano, ba a ɗaukarsa a moɗa. Da majo ya kawo maganar kifi da nono, lokotoro ya ce a garinsu da su ake yaye yara.

Ya tambayi aikin yaron. Aka ce mota. Ya ce da me yake share gumi? Magaji ya zaro tsumma daga aljihu, baƙi ƙirin, wanda yake goge inji da shi yake kuma ratayawa a wuya. Lokotoro ya ɗaga shi da bakin alƙalami kamar mushen ɓera. Ya ce me aka shafa masa a gida? Na lissafa: man kaɗe, man shanu, sai wanzami. Ya dube ni ta saman tabarau ya faɗi wata magana. Majo ya ce ba sai ya fassara ba. Na ce ai na ji.

Maganin ba shi da wani abin mamaki. Wanke fuska da sabulu safe da yamma, ba tare da dirza ba. A tsoma tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi a ɗora a kan kumburin. Wani ruwan magani mai warin farar wuta a shafa kafin a kwanta. Ƙwayoyi na kwana goma. Manya biyu da suka tara ruwa shi ya buɗe su da kansa ya wanke. Babu mai, babu wanzami, babu yatsa. Tsumma biyu, ɗaya na inji ɗaya na mutum. Ya ce kada mu sa ran komai kafin mako shida, tabo kuma wani zai zauna. Ya rubuta takarda ya buga hatimi, cewa yaron ba shi da cutar da ake ɗauka.

Na kai takardar wurin mai motar, aka karanta masa, ya ce shi ba shi da ja, amma masu lodi ba su karatu. Bawa ya dawo, saura kwana biyu ya sake lodi. Ya ce ya nuna musu hatimin, babbansu, wani ƙato da ake kira Na-Allah, ya ce hatimi na Nasara ne, kwano kuwa na uban yaro ne, shi kwano ya yarda da shi.

Na kwana da maganar. Da safe na ce wa Hajo ta yi dambun shinkafa da kifi, ta zuba a kwanon nan mai shuɗin fure, ta gaya wa wannan ya same ni a tasha da azahar.

Lokacin cin abinci ne, masu lodi suna zaune a inuwar mota. Na yi sallama na zauna a kan buhun gyaɗa, na buɗe kwanon na wanke hannu. Magaji yana tsaye daga nesa. Na ce, "Zo ka zauna." Bai gane ba. Na sake faɗa. Ya zo ya durƙusa. Na ce, "Sa hannu."

Duk tashar aka zuba mana ido. A garin nan babu wanda ya taɓa ganin uba da ɗan fari a kwano ɗaya. Ni ina kallon gabas, shi yana kallon yamma, hannuwanmu suna karo a tsakiya, kowa ya janye da sauri. Ban ji ɗanɗanon komai ba. Na tabbata shi ma haka.

Bawa ne ya fara matsowa ya sa hannu. Na-Allah ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, wannan abin da ka yi ya fi cutar ban tsoro." Aka fashe da dariya. Ya miƙe ya zo ya ce a matsa masa, ai ba za a cinye kifin Gwaggo Hajo yana kallo ba. Kafin in ɗauki loma ta huɗu kwanon ya koma fari.

Washegari Magaji ya hau mota da tsumma biyu.

Sauƙin bai zo da gudu ba. Mako biyu na farko ba mu ga canji ba, warin farar wuta kuma ya cika gida, ƙannensa suka sauya masa suna daga Buzu zuwa Ashana. Mahaifiyarsa ta so komawa ga man kaɗe a ɓoye, na ɗauke tukunyar na kulle a akwatina tare da takardun hajji. Ruwan maganin ya ƙare a gidan likita, aka ce sai an aiko, Bawa ya samo mana a Paraku, ya ƙi karɓar ko godiya. A mako na biyar na lura sababbi sun daina fitowa. A na takwas Hajo ta ce ta ga yana kwance ta gefen hagu. Da aka fara yankan gero saura ƴan ƙanana, sai tabo. Mafi zurfin tabon guda biyu ne, daidai inda wanzami ya tsaga, sai na uku a muƙamuƙi, daidai inda babban yatsana ya danna. Wannan ina ganinsa kullum.

Ya yi perminsa bayan damina. Yanzu ta kan gada yake wucewa da motarsa, yana da nasa aparanti, an ce abin da ya fara koya masa shi ne tsumma biyu. Lokaci lokaci in zafi ya yi yawa ɗaya ko biyu sukan fito masa, ya gasa da ruwan ɗumi su kwanta. Kwanon mai shuɗin fure a cikinsa ake zuba ruwan.

Abin da zan ce wa iyaye kaɗan ne. Kumburin da ba shi da kai kada a matse shi, kada a shafa masa mai, kada a kira mai aska. A kai yaro wurin masu dubawa tun da wuri, ko layin ya kai Kwara. In kuma za a tambaye shi ko yana jin zafi, a nemi wanda ba ya jin kunyarsa ya tambaya. Allah Ya saka wa lokotoron nan da alheri inda duk yake, Ya saka wa Bawa, da mai ƙosai, Ya ƙara wa majo Sumaila ido, shi da ya duba ƙafa lokacin da mu masana muke duban fuska.

Ni da Magaji mun koma yadda muke. Ba mu ƙara cin kwano ɗaya ba, kuma duk mun fi son haka. Har yau "wannan" nake ce masa. Abu ɗaya ne ya sauya. Watan jiya ya dawo daga Paraku da kumburin haƙori, ina zaure na ji yana gaida Hajo a tsakar gida, muryarsa a danne. Ban aika kowa ba. Na ɗaga murya ta bayan zana na ce:

"Wannan, da zafi?"



"Ƙwarai kuwa, Baba. Kamar kaina zai tsage."

Na ce alhamdu lillahi.

Hajo ta ce duk faɗin Dendi gidanmu kaɗai ne ake yi wa ciwon haƙori barka.